Alhamis a Tungar Magarya

Hawa na shida, birnin Washinton,
ɗakin da ba taga.
A bakin ƙofa suka karɓe min waya,
suka ba ni shayi a kofin takarda.
Na saba.
Shekara uku ke nan ina wannan fatauci:
murmushi da awo, godiya da lissafi,
kalma ɗaya a kwana tara ana jan ta
kamar guga a rijiya mai gaba dubu.

Madam Loren ta danna, bango ya waye.
Ga ƙasarmu daga sama,
yadda shirwa ke ganinta.
Ɗigo ja a tsakiya.
"Mutum ɗari da ɗoriya," in ji ta,
"babura arba'in.
Wanda ake nema yana ciki.
Naku kawai ku ce to."

Na gyara tabarau.
Kukar nan ce mai hannu biyu a sama
kamar tsohuwa tana roƙon ruwa.
Ga rijiyar da bakinta ya zube ta gabas.
A gindin kukar nan kakata Iya Gambo
ta sayar da daddawa har idonta ya tafi,
ni kuwa ina tsaron faifai, ina satar ƙuli.

Na ce, wace rana aka ɗauki hoton?
Wani saurayi ya duba takarda: Alhamis.

Na ce, to ba sansani ba ne.
Kasuwa ce ke ci.
Baburan na 'yan acaɓa ne,
farin can buhunan gishiri,
baƙin can awaki.

"Ka tabbata ba ya ciki?"

Ban tabbata ba.
Mugu ma yana cin gishiri,
yana taya akuya kamar kowa.
Na ce a dakata.
Na rubuta gida a daren, shafi biyu,
na sa hannu da cikakken sunana,
Isiyaku ɗan Bagudu.
Aka dakata.

Kwana ashirin da uku.
Ƙanƙara ta rufe motoci a unguwarmu,
ƙarfe biyun dare waya ta yi kuka.
Haladu ne, muryarsa kamar an shaƙe ta:
"Sun shiga Gidan Kyara.
Sha ɗaya.
Har da Sanda tela,
wanda ya ɗinka maka rigar da ka tafi da ita."

Rigar tana rataye a bayan ƙofa.
Na kunna fitila na dube ta.
Aikin wuya, zare ruwan toka,
ga wurin da allura ta kauce ya dawo da ita.

Da safe na haɗu da Madam Loren a matakala.
Na jira ta ce, ai na gaya maka.
Ba ta ce ba.
Ta riƙe min ƙofa, ta kau da kai.
Da ta faɗa, da na sami abin musu.

Na taka zuwa bakin kogin Fotomak,
ruwa ya daskare rabi, rabi na tafiya.
Ɗari da ɗoriya da ban binne ba.
Sha ɗaya da na binne daga nesa.
Na auna, na sake aunawa,
babu mudun da ya ɗauke su tare.
A makarantar jakadanci an koya mana
inda ake ajiye cokali, da yadda ake ƙin abu
ba tare da an ce a'a ba.
Wannan darasin ba a zo kansa ba.

Yau Alhamis.
Ina cikin jirgin ƙasa, bakwai na safe,
can rana ta take tsaka.
Na kira Haladu, na ce kada ka yi magana,
ɗaga wayar sama kawai.

Ga kukan akuya.
Ga mai kalwa tana rantsuwa ba ta ci riba ba.
Wani yaro na neman canjin ɗari biyar.

Na saurara har tashata ta wuce.
Na sauka, na dawo da ƙafa,
na hau hawa na shida,
na miƙa musu wayar tana da ɗumi.