Kwalin Munkaila

Kwalin ya iso Aboabo ran Talata,
ɗaure da igiya kamar ragon suna.
Munkaila ne ya aiko daga Almeriya,
inda yake tsinkar tumatir ƙarƙashin rumfar leda.
Na buɗe: kwalabe, burushi, 'yan gwangwanaye,
kowanne da rubutun da bai san ni ba.

Ni da na gyara fuskar amare
daga Asawase har Sawaba,
sai ga ni baƙuwa gaban kayan sana'ata.

Da dare, in wuta ta ɗauke,
nakan jingina waya da kwalbar man shafawa
in saurari muryarsa, a gajiye, yana karanto mini.

Pintalabios, in ji shi, jan baki ke nan.
Na ce sunan ya fi leɓen tsawo.
Cejas, gira. A kakaro ta daga maƙogwaro
kamar ƙayar kifi ta tsaya a wuya.
Pestañas, gashin ido;
dubi harafin tsakiya, shi ma an ja masa gira.
Polvo, hoda. Ya yi dariya:
wai ƙura ma haka suke ce mata.
Ashe shekara tara ina shafa wa mutane ƙura
suna miƙo sidi, suna godiya.

Maame Serwaa mai rumfar kusa da tawa a Kejetia
ta ji ina maimaita espejo, espejo gaban madubi,
ta tambaya ko sabon wuridi na samo.

Can ƙasan kwalin akwai 'yar kwalba,
murfinta ya tsage, ƙamshi ya riga ni fita.
Na haɗa baƙaƙen da kaina, a hankali:
al, miz, cle.
Almiski!
Na kakarmu, wanda take ɓoyewa a gefen adaka
ta ɗiga mana a bayan kunne ran Juma'a.
Wace hanya kalmar ta bi ta riga ƙanena zuwa can,
ba fasfo, ba kwale-kwale?

Na kira shi ban duba agogo ba.
Ya ɗaga, na ga tafinsa a fuskar waya,
duk ya faso kamar bangon laka.

Na ce, man hannu fa, yaya suke ce masa?
Crema de manos, Yaya.
Na ce akwai guda uku a kwalin nan.
Me ya hana ka riƙe ɗaya?