Tawadar Allah

A Nuremberg, a lungun majema,
inda kogin Pegnitz ke tashin wari da rani,
shekara uku na yi ina goge faifan jan ƙarfe
kafin Endres ya yarda in taɓa madoshi.

"Ba hannu ke tafiya ba," in ji shi,
"faifan ake juyawa.
Riƙe tsininka kamar yadda ake riƙe numfashi,
ka bar ƙarfen ya zo ya same shi."
Sai ɓawon ƙarfe ya miƙe a gaban tsini,
siriri, a nannaɗe, kamar gashin jinjiri.

Ba mu da ja, ba mu da shuɗi.
Layi ne duk dukiyarmu.
In dare ake so, a tara su su cunkushe,
wannan ya gitta wancan kamar saƙar tabarma.
In haske ake so, a janye hannu:
rana ita ce inda ka haƙura ba ka taɓa ba.

A sanyin da kogi ya daskare, Walburga ta rasu.
Ya mayar da kuɗin 'yan coci,
ya ce waliyyai su jira.
Dare bayan dare, kyandir na ƙonewa,
yana haƙo matarsa daga cikin ƙarfe:
lanƙwasar mayafi, layi goma sha ɗaya;
goshi, kusan ba komai;
ƙarƙashin idon hagu, ɗigo uku a manne,
tawadar Allah da aka haife ta da ita.

Ni na dama baƙin fitila da dafaffen mai.
Na cusa a kowane rami,
na share da tsumma, na ƙarasa da tafin hannu
har ƙarfen ya yi ƙyalli, baƙin ya kwanta a ƙasa.
Takardar ta kwana a jiƙe.
Muka rufa bargo, na rataya a hannun matsi,
katako ya yi nishi irin na tsohuwar ƙofa.

Ya ɗaga kusurwa a hankali.
Ga ta.
Amma ɗigon ya koma dama.

Mutumin da ya taɓa ja mini kunne
don na manta harafi a juye ake yanka shi,
shi ne yau ya zana hagu a hagu.

Na ce, "Maigida, a buga ta baya da guduma,
a shafe, a sake. Aikin yini ɗaya ne."
Bai ji ni ba.
Ya kai takardar bakin taga.

"Tana da ɗan madubi," ya ce, "mai tsaga a gefe.
Kowace safiya wannan matar take gaisarwa.
Shekara talatin ina zaune da ɗaya,
ashe ita da wata take zaune.
Bar ta. Yau muka haɗu."

Guda bakwai muka buga, ya hana a kai kasuwa.
Faifan ya naɗe a mayafinta.

Yanzu ni ma ina da yara masu goge ƙarfe.
Na wanke hannu da toka, na wanke da sabulu,
amma zanen tafina bai saki baƙin ba.
Wani ne ya yanka shi tun kafin in zo,
ban kuwa san ta wane gefe yake kallona ba.