Kaskon Tumba

Tun da na ajiye aiki a Kalambaina
kunnena bai daina jin ƙugin inji ba,
sai da bazarar bana ta zaunar da ni
bayan ɗaki, ƙarƙashin dogonyaro,
inda Tumba, Allah ya jiƙanta,
ta bar wani kasko mai karyayyen baki.

Ban san amfaninsa ba tana da rai.
Na sha tuntuɓe da shi, na sha faɗa.
Ranar da zafi ya kai Sakkwato bango,
har kwalta na riƙe takalmi,
na ga kurciya tsaye a bakinsa,
baki buɗe, maƙogwaro na rawa,
tana duban busasshen yumɓu
kamar wadda ta zo karɓar bashi.

Na kawo ruwa a buta.
Washegari na ƙara da tsakin gero
a murfin tsohuwar samira.

Labari ba ya kwana a sama.
Kafin Juma'a ta zagayo
ga tsada, ƙanana, sai ka rufe biyu a tafi ɗaya,
ga marai da rigarsa ruwan ɗorawa,
ga suda, wadda ba ta haɗiye ƙwaya
sai ta ba unguwa labarinta.
Cilakowa kan sauko daga katanga
da takun mai karɓar haraji,
ya watsar da rabi, ya ci kaɗan, ya tashi.
Ƙadangare ba wanda ya gayyace shi,
amma yana nan, yana gyaɗa kai
ga duk abin da aka faɗa.

Jikata Ige ke riƙe da ƙidaya,
da gawayi take ja a jikin bango.
Jiya sha tara, yau ashirin da uku,
ban da mai ɗingishi, in ji ta,
wannan ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce.

Bube maƙwabcina ya leƙo ta katanga:
"Kai, mi kaka yi haka?
Ɓarayin gonata kaka kiwo!
In gero ya yi kai, ni za su biyo."
Na ce ya shigo ya zauna. Ya ƙi.
A tsaye ya kai la'asar yana kallo.
Da zai tafi ya ce kaskon ya cika zurfi,
a sa dutse a ciki saboda ƙananan.

Ranar Talata sai ga shamuwa,
biyu, a kan tsamiyar bakin masallaci,
suna jan kara, ba su ce da kowa komai ba.
Daren Alhamis gabas ta haɗe fuska,
iska ta kwashe shanyar unguwa,
ƙasa ta saki ƙamshin da ta ɓoye wata takwas.
Kwaɗin da ban san gida ɗaya muke ba
suka ɗauki baki har asuba,
bushiya ta ratsa ta gaban tabarmata
ba ko sallama.

Da safe shinge ya fashe daga suri,
sama ta cika da fiffike.
Na zuba tsaki kamar kullum, na zauna.
Ba wanda ya sauko.
Suna can bisa suna cafke rabonsu,
kowane kududdufi ya zama kasko.

Na ji abin da na ji ranar sallama,
da aka miƙo mini agogon bango,
aka tafa, aka ɗauki hoto,
injin kuwa bai tsaya ko numfashi ɗaya ba.

Ige na tsaye, gawayi a hannu,
bangon ya jiƙe, ƙidayar ta wanke.

Wajen azahar ta zo, mai ɗingishin.
Ba ta taɓa tsakin ba.
Ta hau dutsen Bube, ta kakkaɓe jiki,
ta lumshe ido a 'yar ranar da ta leƙo.

Ige ta ja layi ɗaya, ta dube ni.
Na ce, "Ja biyu."