Gwangwanin Madara

Ni ne Sajan Haladu na Gamsarka,
mai ƙafa ɗaya da rabi,
mai fadamar albasa a bakin kogi.
Da asuba nake ja wa injin ban-ruwa igiya,
in ya yi tari sau uku ya kama,
sai in zauna a kan kunya in murɗa rediyo.

Ina ɗan ashirin da biyu aka loda mu a jirgin ruwa.
Aka ce gidan wasu ne ya kama da wuta,
mu je mu kashe.
Ban san abin da ya haɗa su ba.
Na dai san ruwan saman can ba ya gajiya,
takalmi kan ruɓe da ƙafar mutum a ciki.

'Yan tawayen yara ne, wallahi,
wani bindigarsa ta fi shi tsawo.
Ɗaya ya leƙo ta bayan itacen roba,
ido jajur kamar gauta.
Na riga shi.
Har yau in na kai goshi ƙasa
shi nake tararwa, yana jira in ɗago.

Barau ɗan Gujungu, abokin cin kwanona,
a kan gada ya faɗi, ranar wata Talata.
Wata bakwai muna riƙe da gadar nan.
Rannan manya suka zauna a otal,
aka sha shayi, aka sa hannu.
Madugun da yaransa suka harbe Barau
ya samu kujerar minista da mota mai tuta.
Mu kuma aka maƙala mana ƙarfe mai ƙyalle.
Yana nan cikin gwangwanin madara,
shi da allura da maɓallan tsohuwar riga.

Yanzu Nafi'u, autan Tabawa,
ya ɗauki abin da na ajiye.
Shi bai ƙetare teku ba.
Mota daga Haɗejiya, a bi ta Gashuwa,
sai bakin tafki,
inda masu harbinsa suka san sallamar da ya sani.
Suna kabbara, yana kabbara,
harsashi kuwa kurma ne.

Rediyo ta ce an yi taro a wani birni mai ƙanƙara.
Wata ƙasa za ta sayar mana da jirage
in mun juya wa wata baya.
Wata ta yi fushi ta kwashe sojojinta daga maƙwabta,
wata ta shigo da nata tana rantsuwar ƙauna.
Giwaye na kokawa inda ban taɓa takawa ba,
buhun taki ya ninka kuɗi a kasuwar Auyo.
Ashe hayaƙin gobarar nesa ma
yana sa ido ruwa.

Jiya ya kira, layi na tsinkewa.
Ya ce, Baba, an ce za a yi sulhu.
Na ce, to.
An ce wanda ya tuba za a ba shi keken ɗinki.
Na ce, to, Allah ya sa su iya.
Ya ce, Baba, Isiyaku fa?
Da hannuna na tona masa.

Ba na ƙin sulhu, Allah shaida,
wanda ya ga gada ba ya ƙin sulhu.
Amma masu sa hannu ba su taɓa tambayar
sunan mai tsaron ƙofar otal ba,
balle na ƙarƙashin ƙasa.
Na buɗe baki in gaya masa haka,
sai na ji na ce:
ka riƙa sauya safa,
kada ka kwana da jiƙaƙƙen takalmi.
Ya yi dariya. Layi ya mutu.

Tabawa ta ware fangali guda ta ce nasa ne,
ba mai cire ko ganye sai ya dawo.
Albasar ta ƙosa tun makon jiya.
Na ce za ta ruɓe, ta ce ta ruɓe.

Mai ya ƙare, inji ya yi shiru.
Sauran ruwan na bin lambatu a hankali,
ya wuce nawa, ya wuce nata,
ya shiga na yaron.
Na bar shi.