Matakala Ta Sha Huɗu

Ni ke jan keken tudu a Valparaíso,
akwatin katako mai rarrafe kan igiyar ƙarfe
daga bakin teku zuwa unguwar da ke rataye a sama.
Shekara ashirin da shida, hawa da sauka,
har na san kukan kowace ƙusa cikin dare.

Fasinjan ƙarshe kan fita sha ɗaya saura.
Sai in ja ƙofa, in tsiyaya shayi a murfin gora,
in zaro littafin Nélida Curaqueo daga aljihun kwat,
bangonsa ya yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi.
Ni da ita da gurnanin inji, mu zauna tare.

Ba ta kawo dodo mai ƙaho.
Ba ruwanta da jini a jikin bango.
Wata mata ce kawai, mai gida kan tudu irin namu,
ta ƙirga matakalar ɗakinta: sha uku.
Washegari, sha huɗu.
Wa za ta gaya wa?
Ta dafa wake, ta shanya wanki, ta biya kuɗin wuta,
matakala na ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya,
ba ta kai bakin ƙofarta ba har labari ya ƙare.

Eduvigis, matata, ta ce, “Hilario,
kai da ke fama da hawan jini,
me ka ajiye a wurin matar nan?
Mai sayen tsoro da kuɗinsa, ai ƙoshi ya yi masa yawa.”
Na ce tsoron takarda kare ne a bakin turke:
ya yi haushi, in ƙirga haƙoransa,
in na gaji in kife shi a kan tebur.
Wanda likita ya miƙo mini cikin ambulan ranar Talata,
shi ne ba a ɗaure.

Mai bincikenta kuwa ba ɗan sanda ba ne.
Tsohon mai karanta mitar ruwa ne, Baldomero,
kunne ɗaya a toshe, dafaffen ƙwai a aljihu,
yana tsallaka titi in ya hango kyanwa.
Ya gano mai kisan ne don bawan Allah ya kasa daina
zuwa ban ruwan tumatirin wanda ya kashe.
Bai kuma tona shi ba sai da tumatir ya nuna,
suka yanka, suka barbaɗa gishiri, suka ci a tsaye.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni,
sai dariyar ta tsaya mini kamar ƙayar kifi,
ta ƙi wucewa, ta ƙi a zare.

Tun da na san ta, fasinja ya daina zama kai da tikiti.
Ga mai buhun ƙanƙara duk ranar Alhamis,
alhali ba ya sayar da kifi.
Ga tsohuwar da ke biyan kuɗin mutum biyu
ta kuma matsa gefe a benci, ita kaɗai.
Da can canji nake miƙawa ina hamma.
Yanzu kowane mutum gida ne mai fitila a kunne
da ɗaki guda a tsare.

Matakalar gidanmu sittin da biyu ce tun ina ango.
Jiya na ƙirga, don neman magana.
Sittin da biyu, ƙafata a kan dutse,
ƙofa kuwa na can sama da taki ɗaya.
Eduvigis ta ce tsufa ne. Na ce haka ne.
Na sha magani, na kashe fitila,
na jira numfashinta ya daidaita,
sannan na laluɓo sabon littafin a ƙarƙashin filo.
Da sauran dare.