Irin Dona Zuleide

Wasiƙa ta iso ni ran Talata:
jami'a ta amince da buƙata,
kuɗin wata shida, da kuɗin mota,
in je Quixadá in zauna da manoma
mu nemi lagon fari.

Na bar Fortaleza, teku a bayana,
na'urar awon danshi goma a kayana,
da waken ɗakin gwaji, abin alfaharina,
mai lamba a maimakon suna.
Ina ji kamar ni ce hadari.

Dona Zuleide na bakin shinge
tana yanka wa awaki palma.
Ta dubi takalmina kafin fuskata.
"Ke ce 'yar gwamnati?" Na ce ɗaliba.
"To ɗaliba, ga bokiti.
Ƙishirwa ba ta duba digiri."

A ɗakinta, ƙarƙashin hoton Waliyyi Yusufu,
kwalaben lemo arba'in da ɗaya,
cike da wake, an toshe da toka da kakin zuma.
"Wannan na kakata ne. Ya ga shekarar
da shanu suka mutu a tsaye, ya kuma fito.
Naki fa, ya taɓa jin ƙishi?"
Na ce a takarda dai yana da tauri.

Muka ja kunya ashirin, goma nata, goma nawa.
Ina binne na'urori tana dariya:
"Ni da yatsa nake gaida ƙasa."
Ruwa ya zo sau ɗaya a Fabrairu,
ya fice kamar wanda ake bi bashi,
ko sallama babu, don sauri.

Sha tara ga Maris aka zaga da Waliyyi,
baki na addu'a, ido na sama,
sama fes kamar an wanke kwano.
Jikanta Edivaldo ya ɗaure jaka
zai bi motar São Paulo.
Ta juya tana gyara itacen murhu,
ba ta ce tafi ba, ba ta ce bari.

Kwana talatin da bakwai ba ɗigo.
Wakena ya yi fure, ya zubar,
kunyoyina goma suka zama kunyata.
Nata ya naɗe ganye ya yi likimo,
ya san ba a gardama da rana,
sai dai a fi ta haƙuri.

Kashi na biyu na kuɗin ya maƙale a ofis.
Ni da aka aiko in kawo ɗauki,
ni ake auna wa garin rogo
da ɗan gishiri.

Amma na'ura ta shida ta ƙi yin shiru,
kullum asuba lambarta ta ɗara saura.
Muka je. Ashe nan Edivaldo, don ƙiwuya,
yake juye sharar garke da ɓawon palma
maimakon ya kai bayan shinge.
Ta cusa yatsa har gaɓa biyu, ta daɗe a tsugune.
"Ƙarfen nan naki ba ya ƙarya."
Muka yi ta lulluɓe sauran kunyoyi
har duhu ya lulluɓe gari.

Kwalba tara muka samu. Ba yawa.
Takardar rahoto na da gurbin shugaban bincike,
gurbin ɗaliba, gurbin kuɗin mai,
babu gurbin mai iri.

Na rubuta sunanta da biro a saman nawa,
na karanta mata da ƙarfi.
Ta ce, "Ƙara da na yaron,
ƙiwuyarsa ma ta yi aiki."
Sai ta miƙo kwalba guda:
"Kai wa malamanki. A dawo min da biyu baɗi.
Aro ne, Jucilene,
ba a cinye jari."

Ga ni a mota, kwalbar na cinyata.
Ta taga, can bayan duwatsu,
wani abu ya yi baƙi yana tasowa.
Na bar bakina a rufe.
Na koyi jira sai ƙasa ta yi ƙamshi
kafin in kira shi hadari.