Matattakala Ɗari da Arba'in da Uku

Daga ƙofar gidana zuwa bakin teku
matattakala ɗari da arba'in da uku ne.
Shekara sittin da bakwai ina hawa ina sauka a Valparaíso
ban taɓa ƙirga su ba,
sai da likita Ibacache ta tsaga ƙasan cibiyata
ta cire abin da bai kai ƙwan kaza ba,
wanda ya so ya ci ni a tsaye.

Sankara ce, in ji ta. A hankali ta faɗa,
kamar mai ajiye tangaran a kan tebur mai gurguwar ƙafa.

Kwana goma sha biyu roba na biye da ni,
jakar fitsari ɗaure a ƙauri,
ni Nibaldo, da na shekara talatin a tashar jiragen ruwa
ina ɗaga kwantena sama da yatsu biyu.
Yanzu butar shayi ma an hana ni ɗauka.

Ranar da aka zare robar na ce an gama.
Ashe ba girin-girin ba.
In na yi tari, ɗigo.
In na yi dariya, ɗigo.
Na miƙe don gaida maƙwabci, wando ya riga ni magana.
Jikata ta bar ƙunzugu a watan da na shiga nawa.

Hortensia tana shanya zanen gado tun da asuba,
kafin tagogin tudun nan su buɗe ido.
Wanda ya tambaya, sai ta ce kyanwa ce ta ɓata shi.
Ba mu da kyanwa.

Matse, ka ƙirga biyar, ka saki,
haka yaron asibiti ya koya mini,
yaron da na girmi ubansa.
Ina yi a kan kujera, ina yi a layin burodi,
fuskata kamar ta mai lissafin bashi,
ba wanda ya san irin dakon da nake yi a ciki.

Da dare kuwa akwai abin da bai dawo ba.
Na juya wa bango fuska mako uku.
Sai ta sa tafinta mai sanyi a kan tabon,
ta ce, Girgizar ƙasa nawa gidan nan ya gani?
Ya karkace, amma a ciki muke kwana.
Ban amsa ba. Na dai juyo.

Watan Yuli, ruwan sama da iskar teku,
na sauka goma sha ɗaya, na zauna, na komo.
Washegari goma sha tara.
Jibi ko ɗaya, jiki ya ce a'a.
Wani karen unguwa mai kunne guda
ya ɗauki aikin rakiya ba tare da an ɗauke shi ba;
in na tsaya ya tsaya, yana kallon jirage
kamar shi ma hutun yake so.

Baldomero ya ajiye mini kujerata a teburin domino.
Da na iso, bai tambayi komai ba,
ya tura mini ƙwayoyina bakwai,
can ƙasa-ƙasa ya ce, Gwajin nan, da zafi?
Na ce, Jini kawai za su ɗiba. Je ka ranar Litinin.

Jiya takarda ta fito.
Lambar da ake tsoro ta yi ƙasa har ba ta ganuwa.
Likita ta ce sai bayan wata uku kuma,
wato an ba ni rance, ba kyauta ba.
Na karɓa.

Na ninke takardar, na sa a aljihu
kusa da ƙunzugun ko-ta-kwana,
na tsaya a gindin tudu na ɗaga kai.
Akwatin ƙarfe mai jan mutane sama yana jira, ƙofa a buɗe.
Kare ya dube ni.
Na ce masa, Mu je ta ƙafa.
A ta sittin da biyu akwai inda ake zama.